Irin Bisa Murhu

Wan mijina ya zuba irinmu duka a ƙasa kan ruwan farko, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Na yafe masa, amma ban manta ba. Sai da furfura ta fito mini kana na zauna gaban wata malama a Wurno na koyi riƙon alƙalami, yanzu kuwa ba mai ce mini in yi shiru.

Wani ƙauye muke kusa da Lahodu. Gona ɗaya ce ta gandu, tana hannun wan mijina, don shi mijin nawa ya bi jakai fatauci bai komo ba. Ruwan ya sauko da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi. Na nuna masa gawon bakin gona, ganyensa bai ko fara zuba ba, shamuwa ma ba wanda ya gan ta, alamar damina ba ta zauna ba ke nan. Na ce a shuka rabi a bar rabi. Ya ce shi da Allah yake noma, ba da gawo ba. Ya ɗauki sungumi yana sara, muna biye muna zuba iri muna takewa da diddige, har ƙwarya ta ƙare.

Gero ya tsiro. Daga nan sama ta kulle.

Aikin damina dai bai san ba a yi ruwa ba. Awaki na turke tun ranar shuka, kada su shiga gonar mutane, sai in yi ta yawon neman abin yanko musu, ga ciyawa ba ta fito ba. In ɗebo ruwa, in tsinko yaɗiya da 'yar tafasar fadama in yi kwaɗo, in kori zabi. Kowace safiya nakan tsuguna gindin tsiro in tona da yatsa in ji inda laima ta tsaya, kullum sai ta ƙara nisa. Ganyen ya nannaɗe. Da rana ya kwanta, da safe ya ɗan ɗago, har ranar da bai ɗago ba.

A ɗakina akwai zangarniyar gero 'yar kaɗan, ba ta kai rabin dami ba, wadda uwata ta zaɓo mini daga gonarsu ta Taloka. Na rataye ta bisa murhu, hayaƙi ya baƙanta ta, ƙwaro bai taɓa ba. Ita ce sauran iri a gidan. Munka aika Achida wurin dangi, anka ce abin da ya same mu shi ya same su.

Rumbu kuwa ya kai ƙasa. Dusa muke gaurayawa da ganye. Ɗiyata da na yaye a bazara ta rame, wuya kamar sillen kara, kwaɗon ba ya zama cikinta. Surukuwata, tsohuwar kirki da ba ta taɓa zagina ba, ta fara shigowa ɗakina ba dalili. Ta zauna, ta yi zancen awaki, idonta na bisa murhu.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo gabas baƙi ƙirin. Munka kwashe shanya da gudu. Iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo. Tsohuwa ta shigo, ta zauna, ta dube ni.

"Ɗiyag ga, sauko da geron a dama ma yarinya kunu."

"Inna, iri na."

"Na san iri na. Mi iri za shi yi ma wadda anka rufe?"

Gaskiya ta faɗa. Amma ni ma na san kunun ba zai kai mu ko'ina ba, kuma ranar da ruwan gaske ya sauko za mu tsaya da gona fayau da hannu banza, sannan ba zancen yarinya ɗaya za a yi ba. Na karyo zangarniya biyu na miƙa mata. Ta daka, ta dama, yarinya ta sha ta yi barci. Ina kallon yadda ta lashe ludayin na gane abin da ke tsorata ni. Ba tsohuwa ba ce. Muddin geron nan na rataye inda nake ganinsa, gobe hannuna zai sake kai gare shi, jibi ma haka.

Akwai binne, wato a shuka cikin busasshiyar ƙasa a bar iri ya jira ruwa. Kowa ya san haɗarinsa. Ɓera na tonewa, zabi na tonewa, in kuma yayyafi kaɗai anka yi, ya tsiro ya bi ɗan'uwansa da ya bushe. Na juya abin har kaina ya yi zafi, ban samu wata ƙofa ba.

Da safe bayan salla na sauko da shi duka, na murje a faifai, na sheƙe, na zuba a ƙwarya. Na goya ɗiyata. Sungumi na jingine a zaure, wan mijina na zaune kusa da shi yana lazimi. Na gaishe shi, na ɗauka.

"Ke, ina za ki kai geron ga?"

"Inda ba turmi, Yaya."

Na fita, na nufi gefen gawo inda ƙasa ta fi riƙe laima, na fara sara.