Fiyanon da Baba Ya Shanya a Rana

Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi daga Gangara har Daddara, in ba a ji gangarsa ba, samari sai su yi ta jan fartanya kamar waɗanda aka tasa daga barci. Amma gangar da ta ciyar da mu ita ta cinye masa kunne. Kafin in yi aure ya riga ya kai inda sai an taɓa kafaɗarsa yake waiwayowa.

Da shari'a ta zo aka ce a bar kiɗa a bainar jama'a, makaɗa da yawa hankalinsu ya tashi. Shi kuwa ya zauna ya kwance fatar gangarsa da hannunsa, ya mai da kwangon wurin ajiye irin gero. Ya ce, "Allah ya riga su. Ni da ban jin ta, mi za su hana mani?" Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma na san ba ta kai ciki ba. A da, ko bai ji da kunne ba, in ya rungumi ganga yana jin ta a ƙirji. Daga ranar ya zama mutum mai zama jikin bango yana kallon bakin mutane.

Ni gyaran rediyo nake yi a wata rumfa kusa da shingen iyaka a Jibiya. Akwai wani direba ɗan Maraɗi da ke ɗauko kayan gwanjo daga Kwatano, abokina ne na shan shayi, mutum mai surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Wata rana ya sauko da wani abu naɗe cikin bargo, ya dire a gabana yana haki.

"Malam, ga gawa na kawo maka. Mutanen duwan, kwastan ɗinmu, ma sun duba sun ce in wuce, ba kaya ba ne."

Fiyano ne, amma ba irin wanda samarin lokacin ke rububi ba, mai ganguna da sarewa a ciki, ka danna ɗaya ya yi maka biki sukutum. Wannan tsoho ne tukuf, gefensa katako, nauyinsa kamar buhun dawa, abubuwan murɗawa sun fi na dannawa yawa. In ka danna biyu ma ɗaya yake amsawa. Na saye shi don in ciri kayan gyara a ciki, ba don komai ba.

Da na buɗe shi sai na kasa cirar komai. Aikin ciki tsaf, kowace waya an ɗaure ta da zare kamar kitson amarya. Na share ƙura da gashin kaza, na kori kyankyasai, na canza kwandansan da suka kumbura, na bi tsofaffin ɗaurin dalma ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na haɗa shi da babbar sifika na danna maɓallin can ƙasa, sai ya yi wani gurnani mai kauri da ya sa kwanon rumfata rawa. Mai shayin da ke kusa ya leƙo yana salati, ya zaci tirela ce ta ƙwace. Na ga rumfar bakin hanya ba wurinsa ba ne a irin wannan zamani, na ɗora shi a baro na kai gida.

A ɗakina na gwada shi bayan la'asar, da aka kawo wuta. Baba yana zaune a waje, bayansa jingine da bangon ɗakin. Ina dannawa sai na ga inuwa a bakin ƙofa.

"Wa ka kiɗa?"

Na daɗe ban ga Baba ya waiwayi wani sauti ba. Ya shigo, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan sifikar. Na sake dannawa. Ya rufe ido. Wallahi sai da na juya fuskata bango, don kada ya ga hawayena.

Na yi masa tsiya da ƙarfi a kunne, na ce ai na zaci an tuba. Ya ce, "Wanga ba kiɗi ba ne, gurnani ne. Wa ya hana raƙumi kuka?" Duk da haka bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "gangarka".

Tsohon fiyano yana da hali irin na tsofaffi. In ka kunna shi, muryarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ta yi ta hawa tana sauka, har sai cikinsa ya ɗumama. Sannan ka murɗa ka daidaita, ya zauna daram. Baba ba ya son wannan jira. Na yi masa bayani da ihu da nuni cewa sai ya yi zafi. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka gaya wa abin da ya sani tun yana yaro. Ya ce kowace ganga haka take, in fata ta yi sanyi sai ta sha rana ko a kara ta da wuta. Na ji daɗi da ya gane. Ashe ya gane fiye da yadda nake so.

Muka yi wata da watanni a haka. Ni ina dannawa, shi yana rungume da sifika yana ba ni umarni da yatsa: nan ka ja, nan ka yanke. Kiɗan noma yake koya mini ban sani ba. Wasu masu haɗa waƙa a kaset suka zo daga Katsina, suka ɗauki gurnanin suka shimfiɗa a ƙarƙashin waƙoƙinsu, suka nemi in sayar musu. Na ce ba nawa ba ne.

Wata ranar kasuwa, a tsakiyar bazara, na dawo gida na tarar da fiyanon a tsakar gida bisa tabarma, rana ta doke shi tun hantsi. Baba na zaune a inuwa yana gadinsa da sanda saboda kaji, fuskarsa cike da murna. Shi kaɗai ya ciccibo shi, duk da tsufansa.

"Yau ba jira. Ta sha rana ta ƙoshi."

Ban iya taɓa shi ba don zafi. Maɓallan sun lanƙwashe, wasu sun manne da juna. Da ya huce na kunna, ko tari bai yi ba. Garin gyaran gira an rasa ido. Na yi faɗa, faɗa sosai. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma fuskata ya karanta. Ya tashi a hankali ya koma jikin bangonsa.

Fushina bai kwana ba, nasa kunyar ce ta daɗe. Bai sake tambayata gangar ba, tuwonsa ma ya rage. Daga baya direban nan ya gaya mini cewa duk ranar da motarsa ta iso, Baba na zuwa tasha ya tsaya nesa, sai mutane sun watse ya matso ya ce, "Ɗana, ko an samo maganin?"

Abin da ya ƙone a ciki babu shi a Katsina, babu a Kano. Direban ya ɗauki mataccen a aljihu yana nuna wa masu gyara daga Maraɗi har bakin teku. Sai bayan an yi girbi ya zo da wani allon wayoyi da ya ciro daga gawar wani fiyanon, ba irinsa ba ne sak, ɗan uwansa ne. Ya ƙi karɓar komai, ya ce na tsoho ne.

Na yi ta fama, ina yankewa ina ɗaurawa, har murya ta dawo. Amma ba duka ba. Maɓallan can ƙasa kaɗan ne suka tashi. Duk na sama, masu zaƙin da mutanen Katsina ke yabo tare da gurnanin, sun mutu har abada. A wurin mai gyara, wannan fiyano ya gama yawo.

Na je na taɓa kafaɗar Baba. Ya biyo ni kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan sifikar. Na danna. Ya ɗaga yatsa: ja. Na ja. Yanke. Na yanke. Na bi da yatsuna kan matattun na sama don in gani, bai ko motsa ba, don dama bai taɓa sanin suna magana ba.

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ashe ban yi mata komi ba?"

Na sunkuya daidai kunnensa, na ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Ko kaɗan, Baba. Lafiyarta lau."