Kitson da Adda Ta Yi Mini a Bakin Teku

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Wadda ta haife ki ba ta kiran sunanki, ba ta kallonki ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ke. Kunya ke nan, a gidanmu kuwa da jinin Fulani ya yi ƙarfi, tamu har ta fi ta maƙwabta. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni ta tafi da ni Roni. Ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In muka zo gaisuwa Kazaure, inda iyayena suke, ina shigowa tsakar gida za ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Ban san na rasa komai ba. Da an bar ni haka, wallahi da na girma lafiya lau kamar sauran 'ya'yan fari, in yi dariya in an ce uwata tana gudu na. Ingila ce ta ɓata mini lissafi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka tura Baba ƙaro ilimin koyarwa, aka ce ya tafi da iyalinsa. Ba da ni aka shirya tafiyar ba. Sai kurkunu ya kwantar da Inna a daminar nan, ko randa ba ta iya kaiwa, Baba ya ce to a ɗauko yarinya. Haka na tsinci kaina, ban ma isa sanya makaranta ba, a wani ƙaramin gari na bakin teku, a ɗaki ɗaya a saman benen wata tsohuwar Baturiya mai kyanwa. Baba zai sa kwat ya fita da safe, sai yamma. Ya bar mu mu biyu, ni da Adda, matar da ba ta taɓa ce mini ci kanki ba.

Farkon zuwanmu ba ta sake ba. Za ta ajiye mini abinci ta juya baya, ta ce wa bango, "A ci, kada ya huce." Ni kuma in ci. Muna ɗaki ɗaya, sanyi ya hana mu fita, ita tana kallon taga ni ina kallon kyanwa.

Gashina ne ya raba gardama. Kitson da aka yi mini a Roni ya tsufa, ya cukurkuɗe, garin kuma kaf ɗinsa babu mai kitso, ina za a same ta? Tsohuwar nan, baiwar Allah, ta ga abin ya dame ta, ta hau bene da wani buroshi irin nasu ta kama kaina. Wayyo! Na ƙwalla ihun da sai da kyanwar ta yi ƙasa a guje. Ban san lokacin da Adda ta taso ba. Ta karɓe buroshin, ta yi wa matar godiya da hannu, ta rufe ƙofa. Ta tsaya ta dubi ɗakin nan kamar wani zai fito daga bayan labule. Sannan ta zauna a ƙasa gaban murhun kwal, ta miƙe ƙafa, ta jawo ni ta kwantar da kaina a cinyarta.

Har yau ina jin ɗumin cinyar nan a kuncina. Ta tsefe da kibiya a hankali, ta shafa man shanun da muke ci da burodi, ta yarfa mini 'yan ƙananan kalaba. Da na motsa sai ta ɗan ƙwanƙwashe ni, ta ce, "Ke, tsaya mana," kuma ta haɗa da sunana. Ashe ta san shi. Ni da na ɗauka ba a taɓa gaya mata ba.

Daga ranar komai ya canza. Da sanyi ya yi sauƙi muka fara fita. Za ta ɗora kwat ɗin Baba na biyu a kan zanenta, ta yafa mayafi a sama, ta riƙe hannuna mu gangara layin nan mai gidaje iri ɗaya har mu ɓulla bakin ruwa. Tekun ba shuɗi ba ne kamar yadda ake zana shi a littafi, ruwan toka ne, yana warin kifi da gishiri. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tafiyarsa. Ka zo da safe ka tarar ya kwashe ya yi nisa, ya bar jiƙaƙƙen yashi da jiragen masunta a kishingiɗe, ka dawo da la'asar ya cika har bakin katanga. Adda ta ce ita ba ta yarda da ruwan da ke zuwa yawo ba. Duk da haka ita ce ta fara tuɓe takalmi.

Akwai wata doguwar gada ta katako da ta shiga cikin ruwa ba ta haɗe da ko'ina ba. Mutane su taka har ƙarshenta, su tsaya, su juyo. Adda ta ce, "Oh ni, waɗannan ba su da aikin yi ne?" Ba a yi mako ba mu ma muka zama marasa aikin yi. Muna sayen soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin jarida, mu zauna a benci, wasu fararen tsuntsayen ruwa masu ƙaton baki suna shawagi a kanmu. Ɓarayi ne na ƙin ƙarawa. Wata rana ɗaya ya fizge kifin daga hannunta, ta bi shi da gudu da takalmi a hannu tana zaginsa da Fillanci, Turawa suna ta kallo. Ta dawo tana haki, muka yi dariya har na shaƙe.

Amma jakuna ne suka fi kashe ta da dariya. Da zafi ya shigo, garin ya cika da baƙi, sai ga jakuna a bakin yashi an sa musu hular kaba da ƙararrawa, 'ya'yan Turawa suna layi su hau. Adda ta riƙe ciki. Ta ce jakin da ke kai taki gona a Gwiwa, garin iyayenta, da ya san ana wannan gata a duniya da tuni ya yi ƙaura. Ta ɗora ni a kan ɗaya, tana tafiya a gefe da hannunta a bayana, ni da na hau jaki ba shimfiɗa tun ina rarrafe.

In iska ta taso na yi nisa wajen tsintar ƙwanson ruwa, sai ta ɗaga murya ta kira ni. Da gangan nake yin kamar ban ji ba don ta sake kira. Wannan kam na sha yi.

Baba ya ga abin da ke faruwa. In ya shigo ya same ni a cinyarta, sai ya yi gyaran murya ya buɗe littafinsa. Kaka biyu muka yi a garin. Ba zan ce komai daɗi ne ba: akwai yaran da suka riƙa binmu suna nuna mu da yatsa, akwai ranakun da Adda ta yi kukan kewar gida, ga duhu tun la'asar sakaliya in sanyi ya kama. Amma ni a garin nan na yi uwa, don haka kada wanda ya ce in zage shi.

Dawowa a jirgin ruwa muka yi zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa zuwa Kano. A cikin jirgin ruwa gado ɗaya muke kwana. A jirgin ƙasa, da muka fara jin Hausa a bakin fasinjoji, sai ta ce in koma kusa da Baba in ga gari ta taga. A motar Kazaure wata mata ta zauna tsakaninmu, Adda ba ta ce ta matsa ba. Ban gane komai ba, murna nake zan nuna wa Inna takalmina.

Mun tarar da gida cike. Guɗa, oyoyo, 'yan'uwa daga Roni da Gwiwa, kowa na son ya taɓa waɗanda suka je Turai suka dawo. Hayaniyar ta firgita ni, sai na yi abin da na saba: na ruga na cusa kaina a jikin Adda na damƙe zanenta. Tsakar gidan ta kaure da dariya. Wata gwaggon Baba ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha! 'Yar fari ce maƙale da uwa? Lallai an sha ruwan Nasara." Wata ta ce, "To, ko goya ta za ki yi mu gani?"

Adda ba ta dube ni ba. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsuna daga zanenta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba da mugunta ba. Ta ce, "A ɗauke yarinyar nan, ta gaji." Ta shige ɗaki. Washegari Inna, wadda ta warke sarai, ta tafi da ni Roni.

An ce na yi ta kuka har na daina cin abinci, Inna ta kai ni wajen malami a yi mini rubutu, wai iskar teku ce ta taɓa ni. Turancin da na iya ya zube cikin 'yan watanni, sai da na sake koyonsa a aji kamar kowa. Kitson ƙarshe da Adda ta yi mini a jirgi na hana a tsefe, har sai da Inna ta danne ni da ƙafa. Ina son Inna, Allah Ya ji ƙanta, ba ta rage ni da komai ba. Amma in aka kawo ni Kazaure hutu, na ga ƙanwata da aka haifa bayan dawowarmu kwance a cinyar Adda ana yi mata kitso, sai in fita in tafi bakin ruwan garin in zauna a kan dutse. Ruwa ne mai kyau, tsakanin duwatsu, amma yana nan inda yake, ba ya zuwa ko'ina.

Sau ɗaya tak na tambaye ta. Lokacin na zama malamar makaranta, na yi aure a Babura, shekarun da arzikin man fetur ya sa kowa ya sayi rediyo ya yi rufin kwano. Na zo gida na same ta ita kaɗai tana bakacen gero, an tafi suna. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa wa faifai. Zuciyata ta ɗebe ni na ce, "Adda, kin tuna garin nan na bakin teku? Kin tuna jakunan nan masu hula?"

Hannunta ya tsaya. Na ga gefen bakinta ya motsa, na rantse dariya ce ta taso mata. Sai ta haɗiye ta, ta ci gaba da bakace. Ta ce, "Can ai babu idon mutane."

Shi ke nan abin da na samu. Ban mayar mata da magana ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Amma yanzu da na tsufa zan faɗa: na ji haushi, kuma har gobe ina ji. Ba ita nake jin haushi ba, ko kuma ita ɗin ce, ban sani ba. Mutanen nan da ake jin kunyarsu, gwaggo da sauransu, duk sun mutu, ba wadda ta taɓa kwana da tunanin abin da dariyarta ta jawo mini. Masu cewa al'ada ce mai kyau, tana koya wa yaro kamun kai, na ji, ban musa ba. Su ba a ɗanɗana musu aka janye ba.

Da ciwon ajalinta ya kama ta, aka aiko Babura na taho a motar kasuwa, ko karyawa ban tsaya yi ba. Ɗakin cike da mata. Ƙannena suna zaune a bakin gadon, wannan na riƙe da hannunta, wannan na yi mata fifita, tana kiran kowa da sunansa tana sa masa albarka. Ni na zauna a bakin ƙofa, wurin da ya dace da ni. Da aka kira azahar suka fita alwala, ɗakin ya rage daga ni sai ita sai ƙanwarta da ke jinyarta. Na ce a raina, yau kam babu idon kowa. Na matsa har gwiwata ta taɓa ƙafar gadon, na ce, "Adda, sannu. Ni ce."

Ta buɗe ido ta gan ni, ta daɗe tana kallona, abin da rabona da shi tun ina yarinya. Na jira. Sai ta lalubi bakin mayafinta ta ja shi ta rufe fuska, ta juya wajen ƙanwarta, muryarta can ƙasa ta ce, "Ki tambayi baƙuwar Babura ko ta ci abinci."

Ƙanwar ta dube ni, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Wai kin ci abinci?"

Na ce, "Ki gaya mata na ci."