Ƙwan da Ya Ƙetaro Binuwai

Wanda bai taɓa zama Garwa da bazara ba, kada ya zo yana ba ni labarin zafi. Ina faɗin haka tun da fari ne don na gaji da masu murguɗa baki idan na ce musu zafin garinmu ya taɓa ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ba. A madafin gidanmu aka yi, a Jambutu, ina 'yar lekol, wato makarantar boko, zamanin shugaban ƙasa na farko, ɗan garin namu, lokacin da rediyo ba ta da aiki sai jawabinsa.

A shekarar ne Baba ya je garin Colire ya taho da mahaifiyarsa bayan ta fita takabar kakanmu. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da takwara. Da, in mun je wurinta hutu, tsohuwar nan ba ta barin kowa ya sha iska: ɗaurin ɗankwalina bai yi ba, tafiyata ta agwagwa ce, tuwon uwata ruwa-ruwa ne. Ni kuwa ina mayar mata, mu yi ta yi har Baba ya ce mun cika masa kunne. Amma matar da ta sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, ran nan ba ita ba ce. Ta shigo da ƙunshin kayanta a ka, ta ajiye shi a lungun ɗakin da aka gyara mata, ta ce kada wanda ya kwance, don ita baƙuwa ce, damina na wucewa hanya ta bushe za ta koma.

Koma wurin wa? Ɗakinta can ba kowa a ciki, ga ciwon gwiwa, ko guga ba ta iya ja. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada kamar yadda 'ya'yan Fulani maƙwabtanmu ke kiran tasu, ita ta fi kowa shiga damuwa. Duk abin da ta dafa, Kaka za ta ɗan taɓa ta ture, ta ce, "An gode, Allah ya yi albarka." Wallahi godiyar nan ta fi zagi ciwo. Na taɓa jin Dada tana ce wa maƙwabciyarmu, "Da ma Inna ta ce miyata ba gishiri, da na san ta zauna."

Da rama ta yi yawa aka kai ta lopital, asibiti ke nan, ma'aikaciyar ta ce a riƙa ba ta ƙwai. Dada ta saya a hannun wata mata 'yar duwatsun Poli da ke sauko da kaji da gyaɗa kasuwa, Kirista ce, da ɗan gicciye a wuya, Hausarta a karkace amma bakinta ba ya rufuwa da dariya. Aka dafa aka kai wa Kaka. Ta dubi kwanon, ta dubi Dada, ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta ga mace mai mutunci tana cin ƙwan kaza ba, amma an gode. Ni na cinye, ba ruwana da mutunci. Sauran ɗanyun kuma aka tura su cikin wata tsohuwar tukunya mai ƙaiƙayin gero, a saman katanga ƙarƙashin rufin kwano, aka manta da su.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga lekol da rana tsaka, na shiga madafi neman ƙanzo, sai na ji ciu-ciu. Na ɗauka ɓera ne, har na ɗauko muciya. Da na hau turmi na leƙa tukunyar, sai ga wani ɗan abu jiƙe-jiƙe, rabin ɓawo manne a bayansa, yana buɗe baki kamar ni na yi masa laifi. Na ƙwala ihu har Dada ta saki tsintsiya.

"Wayyo Dada, ƙwai ya haihu!"

"Ke, tafi can, wane irin ƙwai ya haihu?"

Ta zo ta gani, ta riƙe haɓa tana salati. Na tallabo shi a tafin hannu na ruga ɗakin Kaka, don ko ba komai na sami abin da zan tsokane ta da shi. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na ce ga ƙwan da ta raina ya zo gaishe ta. Ta waiwayo a hankali.

"Na ina ne?"

"Na matar Poli."

"Ƙarya kike yi, takwara. Poli ai hayin kogin Binuwai ne. Ƙwan da ya ƙetare babban ruwa ba ya ƙyanƙyashewa, kowa ya san wannan."

"To Kaka, wannan daga sama ya faɗo?"

Ta ce in fitar mata da shi, ba zai kai gobe ba, tsako marar uwa ba ya rayuwa. Amma na lura ranar ce farkon da ta ce mini maƙaryaciya tun zuwanta, kuma daɗi ya kama ni.

Ya kai gobe, ya kai jibi. Na shimfiɗa masa audugar da na tsinto bakin titi, wadda ke zubowa daga motocin auduga, a cikin ƙwarya. Dada ta daka mini tsaki. Matsalar ita ce bai san ci ba, ba uwar da za ta nuna masa. Na tura masa baki cikin tsakin, ya yi ta atishawa. Ina zaune ƙofar ɗakin Kaka ina wannan fama, da gangan na zaɓi wurin, sai na ji murya daga ciki:

"Kashe shi za ki yi? Ƙwanƙwasa ƙasa da farce, sakarya, ya ɗauka bakin uwarsa ne."

Na ƙwanƙwasa. Ɗan banzan ya matso ya soma tsattsaga. Na ce, "Kaka, ya ci!" Ta ce ita ba ruwanta.

Haka muka yi ta yi, ba ruwanta amma komai daga bakinta yake fitowa. Ba ruwanta, amma a sa tsakuwa cikin murfin ruwan kada ya nutse. Ba ruwanta, amma a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife ta bakin shuri, da safe a ɗauko garar da ta taru a ciki a ba shi. Da matar Poli ta zo kasuwa Dada ta ba ta labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai yaranta daga ƙarƙashin mai kwanci suka kwaso, ta kuma aiko mini da ɗan kwando na rufe shi. Tsakon kuwa ya ɗauke ni uwa. In na tafi lekol ya yi ta kuka, kuma ba wanda ke zaune a gida wuri ɗaya sai Kaka. Ranar da na dawo na same shi lafe cikin haɓar zaninta, ta ce shi ya shigo da kansa, ita ba ta gayyace shi ba.

Ran wata Lahadi da hantsi na sake shi a tsakar gida yana tono. Ban ga inuwa ba, sai dai fuu, shirwa ta sure shi. Na yi kururuwa na jefa mata takalmi, Dada ta buga kwano, Allah ya sa riƙon bai yi kyau ba, ya suɓuce ya faɗo kusa da rijiya. Na same shi ƙafafu a miƙe, ido a rufe, wuya ya langaɓe. Na zauna a ƙasa na fasa kuka, irin kukan da ban yi ba ko ranar da aka ce kakanmu ya rasu, Allah ya yafe mini.

Sai ga Kaka. Matar da sai an kama ta take zuwa bayan gida, ga ta tsakiyar rana ba sanda, ɗankwali a hannu.

"Matsa! Ba ni ƙwarya, busasshiya!"

Ta kife ƙwaryar a kansa, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta shiga kaɗa bayan ƙwaryar da yatsu, kaf-kaf-kaf, kamar mai kiɗan ƙwarya a gidan biki. Ta ɗaga ta duba, shiru. Ta mayar ta ci gaba, tana cewa, "Tashi, ɗan nema, ka ƙetaro Binuwai sannan shirwa ta kashe ka?" Can sai muka ji ɗan ciu daga ciki. Ta ɗaga, ga shi tsaye yana tangaɗi.

Daga nan ta juyo kanmu. Ta ce gida cike da mata ba mai hankali ko ɗaya, wa ya taɓa sakin farin tsako a fili bai rina shi ba? Ta aike ni in karɓo shuni wurin Dada, ta jiƙa, ta shafe shi tas har ya koma shuɗi, wai shirwa ba ta gane shi in ta hango. Baba ya dawo daga shagon ɗinkinsa ya ga shuɗin tsako yana bin mahaifiyarsa, ya buɗe baki zai yi magana, Dada ta girgiza masa kai.

Damina ta sauka, kogi ya cika, jiragen ruwa suka hauro ɗaukar auduga da gyaɗa. Tsako ya zubar da shuni ya yi gashi, ashe mace ce, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Kaka ta soma cin abinci, don ba ta iya ba kazar tsaki ita ta zauna da yunwa, in ji ta. Amma ƙunshin nan yana lungu yadda yake, kuma har lokacin in Dada ta kawo tuwo, an gode ce. Duk ranar da ruwa ya yi kwana biyu bai sauka ba, sai in fita in yi ta duban sama. Na tsani kaka a shekarar, kakar amfanin gona nake nufi, don na san ita za ta ɗauke mini tawa.

Ruwa ya ɗauke. Wata safiya bayan an karya kumallo ta ce wa Baba ya nemo mata kamiyon da zai tafi Colire ran kasuwa. Baba ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna. Ni na ƙi zuwa lekol, na ce cikina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ana gobe tafiya Baba ya shiga ɗakin zai fito da ƙunshin a ƙara ɗaure shi da igiya. Ya miƙa hannu, sai ya janye da sauri yana yarfe shi. Kazar ce kwance a kan ƙunshin, ta yi gurbi a tsakiyar ɗaurin, ta baje fukafukai tana gurnani. Ashe duk yawon da take yi gidan maƙwabta wurin zakaransu ba a banza ba. Ta tara ƙwai a nan, ta kwanta musu. Kuma kada wanda ya ce mini mai ɗakin ba ta sani ba, a ɗakin take kwana.

Muka taru a bakin ƙofa. Baba, bawan Allah, mutum ne mai son ya ga ya warware matsala. Ya ce, "Ba komai, Inna, ai taki ce. Sai a sa ta cikin kwando da ƙwan nata, ki riƙe a cinya, ku tafi tare."

Kaka ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai dai tun kana yaro ba ka da lissafi. Ta ina motar za ta bi?"

"Ta gada mana."

"To! Ƙwai ya ƙetare Binuwai? So kake su lalace a banza? Ƙwan da ya ƙetare babban ruwa ba ya ƙyanƙyashewa, kowa ya san wannan."

Ni da bakina ba ya riƙe magana, na ce, "Amma Kaka, ita kanta kazar ai daga Po..." Dada ta taka mini ƙafa. Ba ɗan taki ba, da dukan nauyinta, har na ga taurari. Na ɗaga kai na dube ta, idonta na kan bango. Na dubi Kaka, ita ma bangon take kallo. Na haɗiye sauran maganar.

Baba ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ne, ya manta, bari ya je ya gaya wa direba.

Da aka ƙyanƙyashe, sai ta ce 'yan tsaki ba sa jure girgizar mota. Ƙunshin kuwa kaza ta ɓata shi, dole aka kwance. Ni na ja mata ruwa, ta wanke zannuwanta ɗaya bayan ɗaya ta shanya a igiyarmu, tsakanin rigar lekol ɗina da zanin Dada. Da suka bushe ta ninke, ta ce a ba ta wuri a cikin akwati.

Da yamma Dada ta kawo tuwo da miyar kuka. Kaka ta kai loma ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ke, wannan miya ce ko ruwan wanke hannu? Daddawar garin nan ta ƙare ne?"

Dada ta ce, "Yi haƙuri, Inna," ta ɗauki kwanon ta nufi madafi. Na bi ta in ga ko ta ji haushi. Na same ta tsaye gaban murhu tana marmasa daddawa, tana dariya, hawaye na zuba har haɓarta.