Hannun Yaya Sabi'u a Gefen Hoto

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, Allah ya jiƙansa, kuma sai a bana na sake ganin hannunsa.

Ina cikin ɗaliban da aka ɗora wa tace littafin tarihin jami'armu, ni ce mai duba sunaye. A babin wasanni akwai hoton waɗanda suka ciyo mana kofin tseren miƙa sanda. Mutum uku ne a ciki: ɗaya yanzu alƙali ne, ɗaya malamin jami'a, ɗaya yana da kamfani a Bompai. Tseren kuwa na mutum huɗu ne. An yanke na huɗun, sai hannunsa da ya rage a kafaɗar alƙalin, faratan baƙi ƙirin.

Na san faratan nan. Yaya yana aikin safe a kamfanin fata a Challawa, da azahar ya wuce lacca, da la'asar yana filin gudu. Rinin fatar ba ya fita da kowane irin sabulu. Inna takan ce, "Da wannan hannun za ka ci mini tuwo?" Ya ce, "Inna, ai shi ya kawo garin." Ciwon ƙirji ya ɗauke shi saura wata biyu jarrabawar ƙarshe.

Kwana uku ina zagaya ofishin shugaban kwamiti, na kasa shiga. Ni ko a aji ba na magana. Sai ranar da za a kai littafin maɗaba'a na yi sallama, na ajiye hoton a gabansa.

"Malam, ku duba, akwai mutum a nan."

Ya gyara tabarau. "'Yata, littafin nan na waɗanda suka kammala ne."

"Yayana ne. Shi ya yi zangon ƙarshe."

Ya daɗe yana kallon kafaɗar alƙalin. Aka nemi asalin hoton, ba a samu ba. Sai Malam ya ba ni layi ɗaya a ƙasan hoton.

Da Yaya zai dawo yau, zai tarar kamfaninsu a rufe, ciyawa ta cinye rabin filin gudun. Ina jin dariya zai yi mini, ya ce, "Ke dai Hajara, ke da rubutu." Amma wataƙila ya yi shiru, shi ne abin da nake tsoro.

Sauran ukun an jera muƙamansu bayan sunayensu. Na rubuta sunan Yaya, na tsaya nan, domin har yau ban san abin da zai zama ba da ya rayu.