Gonar Dawar da Na Noma Daga Kuala Lumpur

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, na taɓa yin kishi da abokina a kan mahaifina. Yanzu in na ba da labarin dariya nake yi, amma a lokacin abin ya ci ni sosai, har ya kai ni ga lalata gona guda ina zaune a wata ƙasa.

Ni da abokin nawa gida ɗaya muka kama a Sri Petaling, hawa na tara, kowa da ɗakinsa. Ni injiniyan sinadarai nake karanta a wata jami'a da ke Jalan Semarak, kullum da safe in hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, in sauka in kama bas. Shi kuwa kimiyyar ƙasar noma yake yi a wata jami'a da ke wajen gari, kuma duk bincikensa a kan dawa ne: taki nawa take buƙata, kuma yaushe ya kamata a ba ta. A cikin tukwane yake shuka ta a wani ɗakin gilashi. Na sha yi masa tsiya cewa ya tsallako teku don ya noma abin da kakarsa ke nomawa a bayan ɗaki.

Mahaifina manomin dawa ne tun tasowarsa, kuma ba mai yawan magana ba ne. In ya kira ni, ba ma wuce minti uku. "Kana lafiya? Ya karatu? To, Allah ya taimaka." Shi ke nan. Na saba da hakan, ban taɓa jin wani abu ya ragu ba.

Wata Juma'a gab da faɗuwar damina, mun sauko daga masallaci a Kampung Baru mun zauna a wata rumfa muna cin shinkafa da kaza, sai ga kiran Baba. A gida lokacin safiya ce. Bayan mun gaisa ya ɗan yi ƙorafi cewa bara ya zuba wa dawa taki amma ba ta yi abin kirki ba. Na ce Allah ya kawo mai albarka bana, ina shirin yin sallama. Sai abokina ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya gaida Baba.

Bayan gaisuwa na ji ya ce, "Baba, baran nan yaushe kuka zuba takin?"

Wayar tana da ƙara, ina jin amsar. Baba ya ce da dawar ta tsira ya watsa duka, kamfa da yuriya, rana ɗaya.

"Aka yi ruwa bayan nan?"

"Kwana biyu ana shatata shi."

"To Baba, ai ruwa ne ya sha takin, ba dawa ba."

Daga nan ya shiga bayani a natse. Ya ce dawa tana ƙarama cikinta kaɗan ne, in aka jibga mata komai lokaci ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, ruwa zai wanke sauran. Ya ce a raba biyu: kamfa kafin ta yi mako biyu da tsira, a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindinta a binne. Yuriya kuma a jira sai ta kawo gwiwa, bayan an yi noma, ƙasa da danshi, ita ma a binne. Ya ce in aka makara har ta yi ciki, ganye kawai za a ciyar, in kuma aka cika mata, tsawo za ta yi ta yi kara ba ƙwari.

Shinkafata ta huce ina kallonsa. Sun fi rabin awa. Can sai na ji abin da ya tsaya mini a rai: Baba ya yi dariya. Dariya sosai, irin wadda yake yi a majalisar ƙofar gida da tsaransa. Na zauna ina lalube a kaina ko ya taɓa yin irinta da ni a waya, ban samu ba.

Tun daga ranar kiran Baba ya sauya. Ya riƙa kira sau biyu a mako, amma da mun gaisa sai ya ce, "Kai, malamin gona yana kusa?" Sunan da ya raɗa masa ke nan. In miƙa waya in koma gefe kamar ɗan aike, ina jin su suna zancen kunya da ciyawa da kalar ganye.

Abubuwan da na yi a watannin nan, kunya suke ba ni. Sau biyu na ce wa Baba abokina ya fita alhali yana kicin yana soya albasa. Baba ya ba ni saƙon gaisuwa na haɗiye. Na daina yi masa tapau, wato ƙunso masa abinci in na biya ta wurin mamak, mai shagon abincin da ke ƙasan gidanmu, abin da kullum nake yi. Da wani ɗalibi ya dawo daga hutu Baba ya aiko mana da yaji da daddawa ƙulli biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, wallahi sai da na faki idonsa na ɗora su a sikelin kicin. Nauyinsu ɗaya. Wannan ma haushi ya ba ni. Ni da aka haifa a gidan, da mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba, a ce rabonmu daidai?

Ranar da abin ya kai ni bango, Baba ya kira, abokina kuwa ba ya nan da gaske. Ya ce in ya dawo in tambayar masa wani abu game da yuriya. Na ce, "Baba, yuriyar nan da kuke ta magana a kai, ni fa na san yadda ake haɗa ta daga iskar gas. Karatuna ke nan."

Ya ce, "To madalla."

Na ce, "Ka ba ni ƙaramar gonar yamma da gari bana, a yi mata yadda na ce."

Wannan gona, duk shekara abin da aka samu a cikinta gwaggona ake kai wa, ƙanwar Baba da mijinta ya rasu ya bar ta da iyali. Na san da haka. Amma a lokacin ban ga gwaggo ba, abokina kawai nake gani. Baba ya ce, "To, bana gonarka ce."

Lissafina mai sauƙi ne: in buhu ɗaya ya ba da rumbu ɗaya, biyu za su ba da biyu. Na sa wana, wanda ke koyarwa a firamaren garinmu, ya sayo ninkin abin da aka ware wa gonar. Na ce a zuba mata da yawa tun noman farko. Da ta girma ta kusa yin ciki, na ce a ƙara mata yuriya, kada a ji tausayi. Abokina yana falo ya ji ina ba da wannan umarni. Da na ajiye waya ya ce, "Bros, ya yi yawa fa. Kaurar nan doguwa ce tun asali, za ta..."

Na katse shi, "Kowa ya ji da gonarsa."

Ya ɗaga hannu biyu, ya ƙyale ni.

A watan Agusta na ga kamar na ci nasara. Wana ya turo hotuna. Babbar gona, wadda aka bi maganar abokina, dawarta tana nan dai kamar ta kowa, koriya madaidaiciya. Tawa kuwa har baƙi-baƙi take yi don kore, ganye kamar na ayaba, wana ya tsaya a ciki ya ɗaga hannu bai kai samanta ba. Ya ce masu wucewa tsayawa suke yi suna tambayar ta wane ce. Babu ɗan Najeriyar da ban nuna wa hoton nan ba a wurin shan shayi. Har sufabaizana na nuna wa, bawan Allah bai san dawa ba ya ce rake ne mai kyau.

Abin da ya fi yi mini daɗi, Baba ya fara kirana ni kaina. Ya ce mini yau ya zaga gonata, ya ce ta fara fitar da kai amma tana bayan babbar da kwanaki, ya tambaye ni ko a bar ta haka. Mu yi minti goma, sha biyar. Na nuna wa abokina hoton ina jiran in ga fuskarsa ta canza. Ya ja hoton da yatsu ya ƙura wa karan ido ya daɗe, ya ce, "Allah ya kiyaye iska." Na ce a raina, ashe kai ma kana jin abin da nake ji.

Ƙarshen Satumba aka yi ruwa da iska a garinmu. Ina cikin LRT ina komawa gida da yamma saƙon wana ya shigo, bidiyo ne ba rubutu ko ɗaya. Gonata ce kwance shame-shame kamar an shimfiɗa tabarma, daga wannan iyaka zuwa waccan. Sai ya juya wayar ya nuna ta maƙwabcinmu tana tsaye. Bayan nan ya turo na babbar gona, ita ma tana tsaye, 'yan kaɗan ne suka karkata. Na kalli bidiyon nan ban san sau nawa ba, sai da na ji ana cewa kowa ya sauka, jirgi ya kai ƙarshen layi.

Zangarniyar da ta kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi fumfuna, gara ta shiga wata. Waɗanda aka tsira da su kuma ƙanana ne, tsabar ba nauyi. Bayan girbi Baba ya kira. Ya ce babbar gona ta yi abin da ya daɗe bai gani ba, rumbu ya cika har an jibge saura a zaure, kuma daga ciki ya ɗebi na gwaggo ya kai mata. Na yi ƙarfin hali na ce, "Tawa fa?"

Ya ce, "Kara kam an samu. Mun sake darnin gida gaba ɗaya. Shanu ma sun gode."

Bai yi dariya ba, amma ina jin wana a bayansa yana neman shiɗewa don dariya. Bai yi mini faɗa ba, bai ce abokina ya fi ni ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ina guje wa abokina a cikin gida mai ɗaki biyu, abin da ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar Lahadi da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofata da ledar roti, irin gurasarsu ta can, a hannu ya ce, "Fito mu makan," wato mu ci abinci. Muna ci ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Ka san kishinka nake yi?"

Ya ce, "A kan me?"

Na ce, "A kan Baba."

Ya yi dariya har ya ƙware sai da na miƙa masa ruwa. Da ya natsu ya ce, "Ka san abin da ya fi tambayata? Cewa ya yi in fassara masa karatunka da Hausa, don in an tambaye shi a majalisa ya san abin da zai ce. Sau uku ina maimaita masa, har ya haddace. Ya ce in ya kira ka, da an gaisa bai san me zai tambaye ka ba, kuma ba ya son ya ɓata maka lokaci. Ni dawa ce ta haɗa mu. Kai kuwa nauyinka yake ji."

Na ajiye rotin. Shekara nawa ina zaton mutumin nan ba shi da abin faɗa mini, ashe ni ne ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba. Ko sau ɗaya ban taɓa cewa, Baba, ya gona, in tsaya in ji amsa ba. Sai da na lalata gona sannan muka samu abin hira, kuma har yau ina ganin ya san za ta lalace ya ba ni.

Na kira gwaggo na ba ta haƙuri. Ta ce ita dai hatsi ya zo mata, ba ta tambayi daga wace gona ba.

Abin da ya shafi taki kam na koye shi ta hanya mai ciwo. Sanin yadda ake haɗa yuriya daban, sanin ranar da dawa ke jin yunwa daban. Yau ko cikin barci aka tashe ni zan ce a raba biyu, a binne, kada a makara, kada a cika. Da Baba kuma yanzu mukan yi awa guda a waya, rabinta a kan gona, kuma na koyi yin shiru in saurara.

Amma ba zan yi ƙarya in ce na warke sarai ba. Mun gama karatu mun dawo gida tuntuni, abokina yana koyarwa a wata jiha, kuma duk farkon damina Baba sai ya neme shi. Bana ma shi ya fara kira kafin ya kira ni, da kwana biyu. Na sani ne domin na tambaya.