Ruwa-ruwa

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina tuƙi a Yamai, har sunayen wasu da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma ranar da tsohuwar bashe ɗina, motar ɗaukar kaya, ta ƙi tashi da irin shinkafar maƙwabcina a bayanta, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A Harobanda muke zaune. Maƙwabcin nawa Kirista ne mutumin Dogon Dutsi, ya ƙare aikin koyarwa a lakwal, kowa Mushe yake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya samu ƴar gonar shinkafa a Saga ya ɗora ransa duka a kanta. Ya sayi irin dashe a wajen wani manomi na gefenmu, aka tuge da asuba, aka jera dami-dami a bayan motata. Masu dashe suna can Saga suna jira. Irin da aka tuge kuwa ba ya son rana. In ya yi yaushi, noman Mushe na wannan karo ya tafi.

A lokacin ƙanin matata ya zo mana baƙunci daga ƙauyensu. Bazabarme ne, magidanci, mai son aiki, sai dai Hausarsa ƴar kaɗan ce. Da yamma kafin ranar na san tankina ya kusa ƙafewa, allurar da ke nuna mai kuwa ta daɗe da mutuwa. Ina gaggawar zuwa gaisuwar rasuwa na ce masa, "Don Allah a zuba wa motar nan ruwa-ruwa, in na dawo mu yi magana." Mu mutanen Maradi haka muke kiran esansi, wato fetur, wanda ake sayarwa a kwalabe bakin hanya. Da safe na tambaye shi ko ya zuba, ya ce, "Na zuba, ya cika." Na yi ta sa masa albarka, ina cewa a raina ashe surukai na da rana.

Na shiga, na yi bismilla, na murɗa makulli. Demarar ya juya da ƙarfinsa, ƙir-ƙir-ƙir, inji bai kama ba. Na sake, na kuma sakewa. Mushe ya leƙo ta taga ya ce, "Maƙwabci, akwai esansi kuwa?"

Na ce, "Mushe, alli ne aikinka, mota tawa ce. Tanki cike yake."

Har yau in na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni. A lokacin kuwa ji nake babu makanike a Yamai da ya kai ni. Na buɗe kapo, murfin inji, na yi bayani kamar mai wa'azi: tunda tana juyawa, batir lafiya lau, saura wuta. Na cire buji na ce wa ƙanin matata ya murɗa makulli ina riƙe da wayar. Wuta ta fizge ni har hulata ta faɗi. Mushe ya ɗauko ta ya kaɗe, ya ce, "Wuta dai akwai, mun shaida."

Muka tara maza na unguwa aka tura ta har bakin kwalta, aka turo ta aka dawo. Ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Rana ta fara zafi, ganyen irin ya fara sunkuyawa. Ƙanin matata ya ɗauko bokiti yana ta yayyafa masa ruwa.

Na kwance karbiratar na same shi a bushe ƙamas. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ce pompon mai ne ya mutu. Na cire tiyo na sa baki na zuƙa har idanuna suka yi ja, iska kawai nake sha. Na ce to tiyo ya toshe. Kafin azahar rabin cikin motar yana shimfiɗe a kan tabarmar matata, wani ɗan ƙaramin noti kuma ya faɗa cikin rairayi, dattawa suna rarrafe suna nema.

Sai Mushe ya tashi. Ya je gindin bishiyar dogon yaro ya karyo tsumagiya, ya buɗe tanki ya zura ta har ƙasa, ya zaro ya miƙo mini. Ko danshi babu.

Na juya kan ƙanin matata na ce, "Kai, ba ka ce ka zuba ya cika ba?"

Ya ce, "Na zuba mana." Ya jawo hannuna ya nuna mini radiyatar, inda ake zuba ruwan sanyaya inji. "Ka ce ruwa, ruwa. Da yarenmu hari, hari. Na zuba jiya, na zuba yau. Sau biyu."

Wani dattijo da ke rarrafe ya kwanta a ƙasa don dariya. Matata daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ɗan'uwana dai bai rage maka ko ɗaya ba."

Mayar da abin da na kwance ya kai mu la'asar. Da aka zuba esansi murɗawa biyu ta tashi. Muka haye gada, muka isa Saga, masu dashe sun gaji sun watse. Irin saman ya ƙone, amma na ƙasa yana da rai saboda bokitin ƙanin matata. Mu uku muka naɗe wanduna muka shiga taɓo. Ni da ban taɓa dashe ba, layina ya tafi kamar sawun maciji. Na ba Mushe haƙuri, ya ce in bar haƙurin in miƙe layi. Ya samu shinkafa a wannan karo, ko da yake kusurwa ɗaya ta gonar ta zauna fili, kuma har ya koma Dogon Dutsi bai daina kirana Alhaji Ruwa-ruwa ba.

Tun daga ranar, in na aiki mutum ina kiran abu da sunan da shi ya sani. In kuma aka yi mini tambaya mai sauƙi, ba na hura hanci, tashi nake in duba. Tsumagiyar nan ta zauna bayan kujerata har ranar da na sayar da motar.