Jan Fenti a Goshin Yaron Roba

Ƙarfe shida na safe Dona Zuleide take isowa ɗakin gwajin motoci. Kafin kofinta ya huce za ta ɗauki burushi. Mutum-mutumin roba uku ke jiranta cikin mota, manya biyu a gaba, ɗan ƙarami a baya. Ta shafa wa kowanne jan fenti a goshi, ta ɗaura masa bel kamar uwa. Idan aka maka motar da bango, duk inda kai ya bugu fentin zai tona. Sannan ta ɗauko abin da kwamfuta ta hango tun kafin karon, ta gwada shi da abin da ido ya gani. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

Ni Valdomiro mai shara ne a wurin, ni ke kwashe fasasshen gilashi. Shi ya sa ƙarar birki ke tsinka mini zuciya, don 'yata Jucilene kullum tana kan titin São Paulo, jikana a kujerar baya.

Bara aka gwada ƙirar motar da Jucilene ta ƙwallafa rai a kai. Kwamfuta ta ce kan yaron roban ba zai taɓa komai ba. Aka yi karo. Ina cikin shara sai na hangi ja a ƙarfen ƙofar baya, daidai tsayin jikana. Tsintsiya ta suɓuce mini.

Shugaban sashen, Seu Edvaldo, ya leƙa ya yi dariya. "Haba Dona Zuleide, hannunki ne ya goga. Tsufa ya zo, burushi ma ya fi ƙarfinki."

"Tsohuwar nan ce ta koya maka ɗaura bel, yaro," in ji ta. "Kwamfutarka ta taɓa zama a kujerar baya? Miƙo mini tocila."

Ta kwanta cikin tarkacen, tana bin ɗigon walda da yatsa. A zane goma sha huɗu ne, a jikin motar goma sha ɗaya. An rage uku wurin haɗa motocin don a yi sauri, ba wanda ya gaya wa kwamfuta. Ta ƙi sa hannu. Wata biyu ana jin haushinta, har aka mayar da waldar, aka sake karo. Ƙofar ta fito fes, goshin yaron da fentinsa.

Ke ce kika tsaya wa yaron da ba ya kuka, Dona Zuleide, saboda masu kuka. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, ina roƙonku, ku riƙa tashi daga gaban kwamfuta ku durƙusa ku duba, don Litinin ɗin nan da za a wayi gari ba ta nan tana ba ni tsoro.

Jucilene ta sayi motar. Har yau, duk sanda ta zo, sai na buɗe ƙofar baya na shafa wurin nan da yatsa, kafin in bari a ɗaura wa jikana bel.